Illiyasu, Direban Motar Baya

Illiyasu bai taɓa zama jarrabawar tuƙi a gabana ba. Amma cikin dukan direbobin da na zauna a gefensu tsawon shekara talatin da ɗaya ina aikin gwamnati, babu wanda na ƙaru da shi kamarsa. Ni ne kuma na yi sanadin da ya rasa aikinsa a Alkahira. Shi ya sa na ga ya wajaba in rubuta abin da na sani game da shi tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Ni mutumin Wusasa ne. A makarantar mishan aka koya mini cewa layi madaidaici ba ya zuwa da kansa, sai an ɗora rula. Hedimastanmu yakan bi littattafanmu da jan tawada, duk harafin da ya tsallake layi ya kewaye shi. Da na girma na zama jami'in gwajin direbobi, waɗanda ake ce wa VIO. Ina bakin aiki a 1972 aka yi canjin hannu, muka koma tuƙi ta dama. Duk wanda ya zo neman lasin sai ya jera mini wuraren da ba a wuce mota: a kan kwana, a kan gada, a hawan da ba a ganin bayansa, a mararraba, a mahaɗar hanyar jirgin ƙasa, a inda farin layi bai tsinke ba, da inda motar gaba ta tsaya don masu tsallakawa. Wanda ya manta ɗaya, sai ya dawo bayan wata uku. Na mayar da 'ya'yan manya gida a kan wannan, ban kuwa taɓa yin da-na-sani ba.

A watan Janairu na 2013 na kai matata Yelwa Alkahira, ƙodarta ta gaza. Muka sauka a Giza, wajen wani ɗan Katsina mai suna Ismail, wanda ya zo karatu shekarun baya ya zarce da sana'ar karɓar majinyata daga gida. Shi ke nema musu ɗaki da likita, yana kuma da mota ɗaya da direba ɗaya. Ana yi wa Yelwa wankin ƙoda Lahadi da Talata da Alhamis a wani asibiti a Mohandessin, ƙarfe takwas na safe. Wanda ya makara sai a ba wani gadonsa.

Direban shi ne Illiyasu. Dogo ne siriri, ya kusa sittin, furfura ta cinye gemunsa. Bahaushen Sudan ne, haifaffen Mai Wurno. Kakansa ya fito daga ƙasar Haɗeja da ƙafa zai tafi Makka, bai kai ba, bai kuma koma ba. Hausarsa tsohuwa ce, irin ta kakanninmu, sai dai Larabci ya yi mata ado. Yana zaune a Arba wa Nus, can gabashin birni, da matarsa Awadiyya da 'yarsu Mahasin. Kullum da ya idar da sallar asuba sai ya hau ƙananan bas guda biyu ya iso Giza ya goge motar Ismail kafin mu fito.

Ranar farko ya buɗe wa Yelwa ƙofa ya ce, "Bismilla, Hajja."

Ta ce, "Hajjar da ba ta san hanyar Makka ba? Ni Kirista ce, ɗan nan."

Ya ce, "Ma'alish, ba komai. Kakana ma bai kai ba, har ya mutu Alhaji ake ce masa."

Ta yi dariya har da tari. Daga ranar Hajja yake kiranta, ita kuma tana ce masa Hawainiya, saboda tuƙinsa.

Wanda bai ga titin Alkahira ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Inda aka zana layi uku, motoci biyar ne ke jere. Da ham suke magana, da madubi suke gaisawa. Illiyasu a cikinsu kamar dattijo ne a tsakiyar 'yan tsere. Ba wai ba ya gudu ba ne. In hanya ta buɗe yakan taka. Amma ba ya wuce mota a kan gada, ba ya yi a kwana, in kuwa ƙaramar bas ta tsaya tsakiyar titi tana sauke mutane, sai ya tsaya a bayanta har ta tashi, ko da na baya za su fasa masa kunne. Wani direban tasi ya taɓa leƙo kai ya jefa masa magana, na tambayi Illiyasu me ya ce.

"Ya ce in sayar da motar in sayi jaki."

"Kai me ka ce?"

"Na ce na ga ɗaya yana tuƙa tasi, amma ba na sayarwa ba ne."

Na ji daɗinsa ƙwarai. Wata rana na karanta masa wuraren nan bakwai, ina lanƙwasa yatsu. Ya saurara cikin ladabi, ya ce bai san an rubuta su a littafi ba. Ni a lokacin na ɗauka yabona yake yi.

Sauran majinyatan Ismail ba su ji daɗinsa kamar ni ba. Wani alhaji mai ciwon gwiwa ya ce da shi da keken guragu duk ɗaya. A gabana Ismail ya ce masa, "Illiyasu, wallahi ƙorafi ya yi yawa. In aka sake rasa lokacin likita saboda kai, khalas, ka ajiye mini makulli." Illiyasu ya ce, "Tamam," ya ci gaba da goge gilashi. Na san cewa wannan mota ita ce rufin asirin gidansa, ita ke riƙe da karatun Mahasin. Baƙon da ya kai shekarunsa ba ya samun sitiyari sau biyu a garin nan. Duk na san wannan.

Ran Talata, sha huɗu ga Mayu, Yelwa ta tashi ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata nauyi. Lokacin ana wahalar man gas a Masar, layin manyan motoci a gidan mai ya toshe babbar hanya. Illiyasu ya bi da mu ta wata hanyar baya da ke bin gefen magudanar ruwan noma. A can akwai wata 'yar gada mai doro, motoci biyu da ƙyar suke gilmawa, in kana hawa ba ka ganin mai tahowa. A daidai doron wata tsohuwar babbar mota mai ɗauke da jan bulo ta mutu. Ƙarfe bakwai da minti sha tara. Na duba agogo.

Motocin da ke bayanmu suka fara fita suna shiga hannun masu tahowa, suna danna ham, suna haye doron a makance. Illiyasu ya ja burkin hannu.

Na ce, "Bi su mana."

Ya ce, "Malam, gada ce. Ba a ganin gaba."

"Na san gada ce! Ni zan koya maka gada. Ka ga kowa yana wucewa lafiya. Yalla!"

Yalla, wato mu je, ita ce kalmar Larabci ɗaya da na iya, da ita na yi amfani wajen rushe abin da na yi shekara talatin da ɗaya ina ginawa. Ya juya ya dubi Yelwa. Ta jingina kai da kujera, idonta a rufe. Ya ce, "Hajja, ki yi mini haƙuri kaɗan." Ya fita.

Na zaci zai hau doron ne ya duba hanya ya dawo mu wuce. Da haka ya yi, da ban ce komai ba. Sai na ga ya tafi wajen direban babbar motar, wani tsoho mai rawani, shi kaɗai a ciki, ya danne burki da ƙafa ya kasa sauka. Illiyasu ya ciro bulo huɗu daga kayan ya yi wa tayoyin baya waigi. Tsohon ya sauko. Sannan Illiyasu ya naɗe hannun riga ya shiga ƙarƙashin murfin inji. Man ya yi ƙasa, bututu ya sha iska. Ya kwance bututun, ya yi ta buga famfon hannu har iskar ta fita. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kiran sunansa, bai ɗago ba. Da injin ya tashi, babbar motar ta ja ta sauka doron, sannan ya dawo ya tada tamu, muka bi bayanta har inda hanya ta miƙe, ya wuce ta. Minti talatin da takwas.

Ba wanda ya yi karo a cikin waɗanda suka wuce. Ina so a san wannan, domin ba labarin da gaskiya ta yi halinta nan take nake bayarwa ba. Mun isa asibiti an ba wani gadon Yelwa. Ta zauna a kujerar baranda har ƙarfe uku na rana kafin na'ura ta samu, tana jan numfashi kamar mai hawan dutse. Ina kallonta, zuciyata tana tafasa. Daga barandar nan na kira Ismail. Na ba shi labari daki-daki, da sa'a da minti, kamar yadda na saba rubuta rahoto. Ban ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya ba. Ban kuwa ambaci gada ba.

Ran Alhamis wani saurayi ne ya zo ɗaukarmu, Habu, ƙanen matar Ismail. Ya kai mu da saura minti ashirin. A hanya ya wuce mota sau biyu a kan gada, sau ɗaya a kwana, yana waya. Da muka dawo gida Yelwa ta ce, "Malam, ina Hawainiya?"

Na gaya mata.

Shekara arba'in da shida muna tare, na san irin kallon da ta yi mini. Can ta ce, "Ɗan limamin cocinmu da ka kayar sau biyu, har uwarsa ta daina gaishe ni a kasuwa, me ya yi?"

"Ya wuce mota a kan gada."

"To."

Washegari na je wajen Ismail na ce na janye ƙarata. Ya ce, "Baba, ai bakin alƙalami ya bushe. In na karɓe makulli daga hannun Habu, a ina zan kwana?" Na koma sau biyu, amsar ba ta canja ba.

Sai da na yi wata guda kafin na iya zuwa Arba wa Nus. Wani ɗalibi ɗan Damagaram ya raka ni har ƙofar gidan ya koma. Lungu ne matsattse, gidajen jan bulo marasa shafe, wayoyin lantarki a sarƙe sama. Hawa na huɗu suke. Illiyasu ya sami gadi a wani gini da ba a gama ba, ranar yana hutu. Ya tarbe ni kamar babu abin da ya faru. Awadiyya ta kawo gahawa mai citta a 'yar tukunyar ƙasa, ta tambayi jikin Hajja. Mahasin ta gaishe ni da Hausa mai karyewa, ta koma ciki da littafinta.

Na ce, "Illiyasu, na zo neman gafara. Ni na kai ƙararka."

Ya ce, "Na sani, Malam. Ismail ba ya ƙirga minti."

Na tambaye shi abin da ya hana shi duba hanya kawai mu wuce. A nan ya ba ni labarin rayuwarsa, ba tare da ya ɗaga murya ba.

Shekara sha tara ya yi yana tuƙa babbar mota a hamada, daga Omdurman zuwa Kufra ta ƙasar Libiya. Ba a tafiya ɗaiɗai. Sai a haɗu motoci takwas ko goma a yi ayari. Na gaba shi ne masanin hanya. Amma wanda ake zaɓa da kyau, in ji shi, shi ne na ƙarshe. Direban motar baya shi ke ɗauke da kayan gyara da ruwan ajiya, kuma sharaɗinsa ɗaya ne: ba ya wuce kowa. Sauran suna iya tsere a tsakaninsu in rairayi ya yi daɗi. Shi kuwa duk motar da ya tarar a tsaye, nan tafiyarsa ta tsaya har sai ta tashi, domin in ya wuce ta babu wani mai zuwa a bayansa. Ya yi shekara sha ɗaya a wannan matsayi. Ya ce wata shekara sun tarar da motar wani ayari wadda na bayansu ya wuce, ya ce zai turo taimako daga rijiya ta gaba. Bai gaya mini abin da suka gani ba. Ya ce dai sun yi musu salla, su sha uku.

"Na san nan ba hamada ba ce," in ji shi. "Awadiyya tana gaya mini kullum. Tana cewa garin da ke da mutum miliyan nawa, kai ne na baya? Amma Malam, ka ga motoci nawa suka wuce tsohon nan? Na ƙirga ashirin na daina. Ƙafarsa ce kaɗai ke riƙe da bulon, mu kuwa muna ƙarƙashinsa. Da na wuce, wa ke bayana?"

Daga ɗaki Awadiyya ta ce, "Bayanka? Mu ne a bayanka, ni da 'yarka!"

Ya sunkuyar da kai. Da zan tafi na sake cewa ya yafe mini. Ya ce, "Matarka ce ba ta numfashi. Da ka yi shiru ranar, da na raina ka." Ya raka ni har bakin titi ya sa ni a bas.

Yelwa ta rasu ran huɗu ga Fabrairu, 2014, da hantsi. Ta riga ta ce a mayar da ita Wusasa kusa da mahaifiyarta. Kwana shida ana neman takardu. Ranar da za a kai ta filin jirgi, na fito daga asibiti na ga Illiyasu a tsaye da farar jallabiya. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah ya ba da haƙuri. Hajja ta riga mu isa." Ya aro wata 'yar akori-kura wajen maƙwabcinsa mai sayar da kayan miya, ya ce zai raka ta.

Motar asibiti mai ɗauke da akwatin tana gaba, Ismail yana cikinta. Ni ina motar Habu, jakar takardu a cinyata: fasfo ɗinta, shaidar rasuwa, izinin fita da gawa. An ce mana sashen kaya zai rufe karɓa ƙarfe biyu. Mun haye kogi, mun yi nisa a babbar hanyar filin jirgi, sai tururi ya taso daga gaban motarmu, ta yi tari ta tsaya. Motar asibiti ba ta gan mu ba, ta ɓace cikin cunkoso. Habu ya buɗe murfi ya tsaya yana kallon inji yana kiran lambar da ba a ɗauka. Na tsaya a gefen titi da jaka a ƙirji, ina ɗaga wa tasi hannu, duk cike suke. Ban ƙirga motocin da suka wuce ni ba. Ban iya ba.

Sai ga akori-kurar Illiyasu ta zo a hankali ta tsaya a bayanmu. Bai tsaya a gaba ba, bai tsaya a gefe ba. Ya sauko, ya duba motar Habu, ya nuna masa robar ruwan da ta fashe, ya ɗaure ta da tsumma da waya, ya juye masa jarkar ruwan da ya zo da ita. Sai da ya ji injin ya tashi ya ce wa Habu ya bi a hankali ya koma gida, sannan ya buɗe mini ƙofa. Minti tara.

Cikin motar warin albasa ne da tumatir. Kusa da filin jirgi akwai wata kwana mai hawa, muka tarar da tankar ruwa tana jan ciki. Ta hagu akwai sarari. Agogona ya ce biyu saura ashirin da biyar. Na ɗora hannu a kan agogon na rufe shi. Muka bi tankar har kwanar ta ƙare.

Ya ce, "Malam, yau ba ka ce yalla ba."

Na ce, "Na mayar musu da kalmarsu."

Mun isa da saura minti sha ɗaya. Na sa hannu a inda aka nuna mini, aka shiga da ita.

Kafin mu rabu na zauna a kan wani benci, na ciro takarda da alƙalamin tawada da aka ba ni ranar ritaya. Na ja layi da gefen fasfo ɗina, na rubuta masa shaida da Turanci da Hausa: cewa ni, tsohon babban jami'in gwajin direbobi, na zauna a gefen mai wannan takarda wata huɗu da rabi, ban same shi da kuskure ko ɗaya ba, cewa ranar sha huɗu ga Mayu an umarce shi ya wuce mota a kan gada ya ƙi, kuma shi ne mai gaskiya, wanda ya umarce shi ne ya yi kuskure. Na sa hannu da kwanan wata. Na karanta wa Ismail a gabansa. Ismail ya dubi ƙasa ya ce, "Baba, in an sami hali." Illiyasu ba ya karanta boko. Ya ninke takardar huɗu ya sa cikin jakar lasinsa.

Halin bai samu ba. A ƙarshen 2015 Mahasin ta aiko mini da saƙo ta wayar jikana. Ta ce babanta ya kai takardar wurare uku, an karɓa an duba an mayar masa. Ya ci gaba da gadi har idonsa ya fara hazo, ya mayar da lasin cikin akwati, sun koma Mai Wurno shi da Awadiyya. Ita ta tsaya ta ƙarasa karatun jinya, tana aikin yamma a wani kantin magani. Ta ce tafiyar filin jirgin nan ita ce tuƙinsa na ƙarshe.

Yanzu in yaran unguwa masu neman lasin suka zo in yi musu bita, nakan jera musu wuraren nan bakwai kamar da, ina lanƙwasa yatsu. Sannan in ce akwai na takwas wanda ba ya cikin littafi, in ba su labarin gadar nan mai doro, da sa'a da minti, har da abin da na faɗa wa Ismail a waya da abin da na bari ban faɗa ba.